Auna Littattafan Bayani na Yara da Yadda Za a Yi Amfani da Su: Misali daga Kan Iyakar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfinsu ga ƙagaggun labarai da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma sun yi aiki mai yawa a kansu. Amma akwai wani kashi na rubutun zube wanda ba a cika waiwayarsa ba a tarurruka irin wannan, alhali kuwa shi ne yaro ya fi gamuwa da shi tun daga firamare har ya bar makaranta. Wannan kashi shi ne na littattafan da ke ba da labarin abin da yake akwai ko wanda ya taɓa aukuwa, watau littattafan tarihi, da labarin ƙasa, da kimiyya, da kiwon lafiya, da sana'o'i, da tarihin rayuwar mutane, da labarin tafiye-tafiye. A cikin wannan takarda za a riƙa kiran su littattafan bayani, domin a bambanta su da ƙagaggun labarai.

Bambancin nan yana da muhimmanci ƙwarai. Mai tatsuniya yakan rufe zancensa da ambaton Gizo, don mai sauraro ya san shiri ne aka yi masa. Littafin bayani kuwa yakan zo wa yaro da sunan gaskiya, kuma yaron da bai daɗe da iya karatu ba yakan ɗauki duk abin da aka buga a takarda tamkar yankan wuƙa. Idan littafin ya yi kuskure, yaro zai haddace kuskuren, ya rubuta shi a jarrabawa, wata rana ma ya koya wa ƙannensa.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa kowane littafin bayani yana da lokacin da aka rubuta shi da wurin da marubucinsa ya tsaya, saboda haka wajibi ne malami ya auna shi kafin ya miƙa wa yaro, sa'an nan ya koya wa yaron yadda zai auna da kansa. Za a ɗauki misalai daga ƙasar Jibiya ta Jihar Katsina, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar.

2.0 Dalilin Zaɓen Jibiya

Jibiya tana kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Maradi, tafiyar da ba ta wuce kilomita 100 ba. Shingen kwastan na Nijeriya yana Magama, matafiyi kuma idan ya ƙetare sai ya iske Ɗan Isa, daga can ya wuce Maradi. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, kuma da yawa daga cikinsu kakanninsu ɗaya.

Iyakar kanta ba tsohuwa ba ce. Ingila da Faransa ne suka shata ta cikin yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan wakilansu, Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa, suka bi ƙasa suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Tun daga lokacin sai ilmin boko ya rabu gida biyu. Yaron da ke kudu da shinge yana karanta littafin da aka tsara bisa manhajar Nijeriya, wanda ke arewa da shinge kuma yana karanta wanda aka tsara bisa manhajar Nijar, galibi cikin Faransanci. Kowane littafi yakan tsaya daidai inda ƙasarsa ta tsaya, amma rayuwar yaron ba ta tsaya a nan ba, domin ga gwaggonsa a Madarumfa, ga gero da wake da shanu suna ratsa garinsu daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Wannan ne ya sa Jibiya ta zama wurin da ya dace a gwada littafin bayani. Kuskuren da zai wuce yaron Legas ko na Yamai ba tare da ya lura ba, yaron kan iyaka yana iya kama shi da idonsa, ko kuwa ya ji akasinsa daga bakin kakansa. Idan malami bai kula ba, ɗayan abu biyu zai faru: ko dai yaron ya yanke cewa littafi ƙarya ne, ya raina karatu, ko kuwa ya yanke cewa abin da ya sani daga gida ba ilmi ba ne, ya raina asalinsa. Duka biyun asara ce.

3.0 Abin da Aka Gada na Littattafan Bayani cikin Hausa

Ba yau aka fara rubuta irin waɗannan littattafai da Hausar boko ba. Hukumar Fassara, wadda aka kafa wajen 1929, da su ta fara, kuma daga cikin ayyukanta akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ya tattara tarihin garuruwa daga rubuce-rubucen malamai na Larabci. A 1933 hukumar ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943. Shi da East kuma suka wallafa Ikon Allah, wanda ya bayyana halittu da al'amuran kimiyya cikin Hausa mai daɗi.

An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A cikin shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa a kan noma da tsabta da sana'a, tare da jaridun larduna, irin su Himma ta Lardin Katsina. A wannan zamani ne aka sami Zuwan Turawa Nijeriya ta Arewa na Abdulmalik Mani, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga da yawa daga cikinsu. A 1982 kuma Habibu Alhassan da Usman Ibrahim Musa da Rabi'u Zarruk suka fitar da Zaman Hausawa.

Abin lura a nan shi ne, yawancin fitattun littattafan bayani na Hausa sun haura shekara arba'in, waɗansu ma sun haura saba'in. Hausarsu ingantacciya ce, amma duniyar da suke bayani a kai ta sauya. Sababbin da ake samu a kasuwa kuma da yawansu an shirya su ne cikin gaggawa don cin jarrabawa. Malamin ƙauye yana tsakanin tsohon littafi mai kyawun harshe da sabon littafi wanda ba a tace ba, don haka yana bukatar ma'auni.

4.0 Ma'aunai Biyar

4.1 Shekarar da Aka Rubuta Littafi

Abu na farko da malami zai duba shi ne bayan shafin farko, inda ake rubuta shekarar bugu. A nan sai a yi hattara, domin sake bugu daban, gyara daban. Littafin da aka rubuta a 1958 aka sake buga shi a 2005 ba tare da gyara ba, bayaninsa na 1958 ne, ko da bangonsa sabo ne ƙal.

Jibiya kanta misali ce. Tana cikin Lardin Katsina na Jihar Arewa har 1967, lokacin da ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 aka sauya sunan jihar zuwa Kaduna, sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Yawan jihohin Nijeriya ya tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, zuwa 21 a 1987, zuwa 30 a 1991, ya tsaya a 36 a 1996. Babban birnin ƙasa ya bar Legas ya koma Abuja a Disamban 1991. Littafin lissafin da ke maganar fam da sule an rubuta shi ne kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo.

Hulɗar ƙasashen biyu ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO, a 1975, kuma littattafan zamantakewa sun daɗe suna lissafa Nijar cikin wakilanta. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Haka kuma littafi yana iya cewa mutane da kaya suna zirga-zirga tsakanin ƙasashen ba shamaki, alhali yaron Magama ya ga an rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sa'an nan Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024.

A fannin kimiyya da lafiya tsufan littafi yana iya zama haɗari. Tsohon littafi zai ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, amma tun 2006 masana taurari suka fitar da Fuluto daga cikinsu, suka koma takwas. Wannan kuskure ne mai sauƙi. Wanda ya fi shi nauyi shi ne littafin da ke nuna kulorakwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, alhali tun tsakiyar shekarun 2000 hukumomin lafiya suka koma ga haɗin magunguna na zamani, saboda ƙwayar cutar ta daina jin tsohon maganin. Haka nan an kawar da agana daga duniya tun 1980, an tabbatar da Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu a 2013. Yaro ya cancanci sanin cewa an ci waɗannan yaƙe-yaƙe, da kuma yadda aka ci su.

4.2 Dacewa da Muhallin Yaro

Ma'auni na biyu shi ne a duba ko bayanin littafin ya yi daidai da ƙasar da yaron yake zaune. Littattafan da aka fassara ko aka kwaikwaya daga na Turai sukan raba shekara gida huɗu bisa yanayin can, har da lokacin dusar ƙanƙara. Na kudancin Nijeriya kuma sukan yi maganar damina mai tsawo da koko da manja. Manomin Jibiya abin da ya sani shi ne bazara da damina da kaka da rani, da hunturu a tsakiyar rani, kuma amfanin gonarsa gero ne da dawa da wake da gyaɗa.

A ɗauki misalin gawo. Littafi zai ce itatuwa suna fitar da ganye da damina su zubar da rani. Gawo kuwa akasin haka yake yi, yakan kaɗe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar yana zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Tun cikin shekarun 1980 manoman Jihar Maradi suka shahara a duniya wajen barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa sassabe har ya girma, abin da ya maido da itatuwa a ƙasar da fari ya cinye. Littafin noma da ke koya wa yaro cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ta tas ba a bar ko kututture ba, yana koya masa abin da maƙwabtansa suka riga suka gano illarsa.

Malami ba zai iya tantance kowane shafi ba. Dabarar ita ce ya zaɓi abu uku ko huɗu da ya sani sarai, ya duba yadda littafin ya yi bayaninsu. Idan marubuci ya yi sakaci a kan abin da malami ya sani, to, sai a yi taka-tsantsan da abin da ya faɗa a kan wanda malami bai sani ba.

4.3 Inda Marubuci Ya Tsaya

Littafi yana iya kawo shekaru da sunaye daidai, amma ya karkata wajen zaɓen abin da zai faɗa da kalmomin da zai faɗe shi da su. A nan ne tarihin Katsina da Maradi ya zama darasi. Wajen 1807 masu jihadi suka ci birnin Katsina, Malam Umarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar sarakunan da aka kora suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maradi wajen 1819. Daga nan aka shafe shekaru ana gwabzawa, musamman zamanin Ɗan Baskore, kuma ƙasar da Jibiya take a yau tana tsakanin ɓangarorin biyu. Har yanzu sarkin Maradi yana riƙe da sarautar Sarkin Katsina.

Marubucin da ya tsaya a kudu yana iya kiran mutanen Maradi maharan da suka hana ƙasa zaman lafiya. Wanda ya tsaya a arewa kuma yana iya kiran su magada masu neman gadon gidansu. Yaron Jibiya yana da dangi a kowane ɓangare, saboda haka littafin da ya dace da shi shi ne wanda ya faɗi abin da kowane ɓangare ya yi da dalilin da ya sa ya yi, ba tare da zagi ba. Aikin Dokta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga cikin Ingilishi a 1981, ya nuna cewa al'amarin ya wuce rigimar Fulani da Haɓe kawai, akwai batun mulki da haraji da kasuwanci a ciki. Irin wannan fahimta ce ya kamata ta gangaro cikin littattafan yara.

Wani misalin shi ne sunan littafin nan, Mungo Park Mabuɗin Kwara. Gaskiya ne Mungo Park ya isa bakin kogin a Segu a 1796, ya kuma rasu a Busa a tafiyarsa ta biyu. Amma masunta da fatake sun daɗe suna bin Kwara kafin a haife shi. Ga mutanen Turai ne ya zama mabuɗi. Malami ba ya bukatar ya jefar da littafin, sai dai ya tambayi yara: wa aka buɗe wa kogin, kuma wa ya riga ya san shi? Haka kuma sai a duba su wa littafi ya bari a baya. Idan an yi bayanin kasuwa ba a ambaci matan da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida ba, ko an yi bayanin ilmi ba a ambaci makarantar allo ba, to, bayanin bai cika ba.

4.4 Harshe

Ma'auni na huɗu shi ne harshe. Littafin yaro yana bukatar jimloli madaidaita, da bayanin kowace sabuwar kalma a wurin da ta fara fitowa, da tsayawa a kan kalma ɗaya ga abu ɗaya daga farko har ƙarshe. Fassarar da ta bi ƙirar Ingilishi kalma bayan kalma takan gajiyar da yaro, ko da kowace kalma a cikinta Hausa ce.

A kan iyaka akwai ƙarin matsala, domin Hausar Nijeriya ta ari kalmomin zamani daga Ingilishi, ta Nijar kuma daga Faransanci. Abin da ake kira makarantar boko a nan, a can lakwal ne. Kwastan a can duwan ne. Malamin makaranta a can akan kira shi mushe, kalmar da a rubuce take kama da sunan dabbar da ta mutu ba yanka. Likita a can yana iya nufin asibitin kansa. A wajen kuɗi kuma, mutanen Nijar da dala suke ƙirga, kowace dala tana daidai da sefa 5, saboda haka dala 20 ita ce sefa 100, jika ɗaya kuma sefa 1,000. A rubutu ma akwai ɗan bambanci, alal misali harafin da muke rubutawa 'y, su da ƙugiya suke rubuta shi, watau ƴ.

Bai kamata a ɗauki waɗannan a matsayin kurakurai ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ana sa ran littattafan Hausa daga can za su ƙaru, kuma ta Jibiya da makamantanta za su shigo. Littafin da ya sa jerin kalmomi a ƙarshensa, yana nuna yadda ake faɗin abu a kowane ɓangare, zai yi wa yaran ƙasashen biyu amfani.

4.5 Taswira da Hoto da Tsari

Taswira takan yi ƙarya ta hanyar abin da ta bari. Madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1980, tana kan Kogin Gada. A taswirar Nijeriya kogin yakan isa iyaka ya ɓace, kamar ƙasa ta haɗiye shi. Alhali kuwa shi ne ke shiga Nijar a kira shi Gulbin Maradi, ya shayar da fadamun can, sa'an nan ya karkato ya sake shigowa Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima a Jihar Sakkwato. Yaron da bai ga wannan a taswira ba, ba zai gane dalilin da ya sa tare ruwa a Jibiya ya shafi mai lambu a Maradi ba. Kuma bayan ambaliyar da ta afka wa Jibiya a Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da gidaje masu yawa, sanin hanyar ruwa ya zama abin da kowane yaro a garin yake bukata.

Game da hoto, sai a duba ko yana ƙara bayani ko ado ne kawai, da ko akwai rubutu a ƙarƙashinsa, da ko yaro zai iya gane girman abin da aka zana. Game da tsari kuma, sai a duba ko akwai jerin abin da ke ciki, da kanun babi, da lambobin shafi, da sunan marubuci da na kamfanin da ya buga. Littafin da ba ya ɗauke da sunan wanda zai amsa laifin kuskurensa abin tuhuma ne.

5.0 Yadda Za a Yi Amfani da Su a Aji

Mai sauraro yana iya cewa, ina amfanin ma'auni ga malamin da ba shi da zaɓi? Tambayar tana kan hanya. Makarantu da yawa a ƙauyukan kan iyaka ba su da ɗakin karatu, kuma matsalar 'yan bindiga ta shekarun nan ta tilasta rufe waɗansu, ta tara yaransu a cikin gari. Amsar ita ce, ba don a zubar da littafi ake auna shi ba, ana auna shi ne don a san inda za a dogara da shi da inda za a yi masa gyara. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi. Ga waɗansu hanyoyi da ba su bukatar kuɗi.

Na farko, kafin a fara karanta kowane littafi, malami ya sa yara su nemo shekarar da aka rubuta shi da garin da aka buga shi, a rubuta a allo, su lissafa shekarunsa. Sa'an nan ya tambaye su abin da suke tsammani ya sauya tun daga lokacin. Idan aka sami bayanin da ya tsufa, sai a rubuta gyaran a wata 'yar takarda tare da kwanan wata, a maƙala a shafin.

Na biyu, a koya wa yara cewa littafin bayani ba kamar Magana Jari Ce ba ne, da za a bi shi daga farko har ƙarshe. Da tambaya ake shigarsa. Malami ya ba da tambaya, yara su duba jerin abin da ke ciki, su nemo shafin, su dawo da amsa cikin kalmominsu. Wannan ya fi sa su kwafe shafi guda cikin littafin rubutu.

Na uku, a haɗa littafi da ido, domin gani ya kori ji. Bayan darasin itatuwa a je gindin gawo da damina, a koma da rani. Bayan darasin awo a kawo tiya da mudu a gwada su da kilo. Bayan darasin kuɗi a sa yara su juya dala zuwa sefa, abin da da yawansu sun riga sun iya daga kasuwa.

Na huɗu, a kwatanta majiya biyu. A karanta abin da littafi ya faɗa a kan yaƙe-yaƙen Katsina da Maradi, sa'an nan yara su tambayi dattawan gidansu abin da suka ji daga nasu iyayen. A aji sai a jera inda suka dace da inda suka saɓa. A nan malami ya nuna musu cewa dattijo ma yana iya mantuwa ko son kai, kamar yadda marubuci yake iyawa, kuma a yi hakan cikin ladabi.

Na biyar, aji ya rubuta nasa ɗan littafin, a kan kasuwar garin ko madatsar ruwa ko wata sana'a. Kowane bayani a rubuta wanda ya faɗe shi da ranar da aka ji. Yaron da ya taɓa shan wahalar tabbatar da magana ɗaya kafin ya rubuta ta, ba zai ƙara ɗaukar bugaggen shafi da wasa ba, ba kuma zai ɗauke shi kamar wahayi ba.

Amfanin wannan horo bai tsaya ga takarda ba. Yaran yau suna jin labari ta wayar hannu, ta WhatsApp da Facebook, inda babu sunan marubuci balle shekarar bugu. An ga abin da jita-jita ta jawo a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a waɗansu jihohin Arewa, cutar ta sake yaɗuwa har ƙasashen maƙwabta, ba a tabbatar da Nijeriya ta rabu da ita ba sai 2020. Yaron da ya saba tambayar wa ya faɗa, yaushe, kuma a ina ya tsaya, zai yi wa saƙon waya irin tambayar da ya saba yi wa littafi.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa littafin bayani yana tsufa, yana kuma da wurin da ya fito, kuma kan iyaka irin ta Jibiya wuri ne da waɗannan abubuwa biyu suke fitowa fili. An kawo ma'aunai biyar, watau shekara, da muhalli, da matsayin marubuci, da harshe, da tsari, tare da hanyoyi biyar na aiki da littafi a aji. Daga abin da ya gabata ana ba da waɗannan shawarwari.

Kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, su sa auna littattafan bayani cikin darussan koyar da Hausa, ta yadda ɗalibi zai auna littafi guda a rubuce kafin ya fita aikin koyarwa na gwaji. Kamfanonin ɗab'i idan za su sake buga tsofaffin littattafai su bar Hausar marubutan yadda take, amma su ƙara gabatarwa da ke nuna abin da ya sauya, su kuma bayyana shekarar bugun farko a fili. Masana a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da takwarorinsu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi su haɗa hannu su shirya ƙananan littattafai a kan abin da ya haɗa yankunan biyu, kamar gulbi da itatuwa da kasuwanni da tarihin sarauta, da taswirar da ta nuna ɓangarorin biyu a shafi ɗaya. Masu nazarin adabi kuma su ba wannan kashi na zube irin kulawar da suka ba ƙagaggun labarai, domin da wuya marubuta su inganta aikinsu idan babu masu yi musu sharhi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka koya wa auna magana tun yana firamare, shi ne gobe zai zama malami ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin kan iyaka da ba a ruɗinsa da takarda.